Wane horo lauya ke buƙata kafin ya tsaya wa yaro a kotun iyali?

Tambaya: Ni lauya ce, shekarata huɗu da fara aiki, kuma yawancin shari'o'in da nake yi na rabuwar aure ne, ina tsaya wa miji ko mata. Kwanan nan alƙali ya tambaye ni ko zan karɓi wakilcin wasu yara biyu, ya da ƙaninta, mai shekara 12 da mai 6, waɗanda iyayensu ke rigima a kan riƙonsu. Dokar dai na karanta ta sosai. Shin sanin dokar iyali ya wadatar, ko akwai wani horo na daban da ya kamata in nema?

Amsa: Barista, sannu da ƙoƙari, kuma na ji daɗi da kika tsaya tambaya kafin ki ce kin karɓa. Sanin dokar bai wadatar ba. A gaskiya ma shi ne mafi sauƙi a cikin abin da ke gabanki, don mako biyu da littafi a hannu ya ishe ki. Wahalar tana wani wuri.

Duba yadda kika saba aiki. Magidanci ya zo ofishinki, ya faɗa miki abin da yake so, kika ba shi shawara, ya karɓa ko ya ƙi. In kika kauce wa abin da ya sa ki, zai ɗauke fayil ɗinsa ya kai wa wani. Wannan tsoron shi ke riƙe da linzamin lauya, ko mun yarda ko ba mu yarda ba. To yaro ba shi ya ɗauke ki ba, ba shi ke biyanki ba, ba zai iya sallamarki ba, sau da yawa ma ba ya cikin kotu lokacin da kike magana da yawunsa. In kika tashi kika ce "abin da ya fi dacewa da wannan yaro shi ne kaza", babu mai miƙewa ya ce ke kika faɗa, ba shi ba. Alƙali kuma, da yake ya gaji da lauyoyi biyu masu jan zare kowa zuwa nasa ɓangaren, yakan jingina da maganar lauyan yaro fiye da ta kowa, don yana ganin shi ne ba shi da ɓangare. Ga nauyi mai yawa, ga rashin mai tsawatarwa. Duk wani horo na kirki a wannan fanni, in kika tona shi, maganin abu ɗaya yake yi: kada ra'ayin lauya ya sa rigar maslahar yaro ya shiga kotu.

Abu na farko da za a koya miki, kuma shi za ki tambayi alƙali tun kafin ki sa hannu, shi ne matsayin da aka naɗa ki a kai. Hanyoyi biyu ne manya, kuma haɗa su yana ɓata duka biyun. Akwai lauyan da ke bin umarnin yaro kamar yadda zai bi na babba: ya ba shi shawara, ya riƙe masa sirri, sannan ya nema masa abin da ya ce yana so. Akwai kuma lauyan maslaha, wanda ke bincike ya yanke wa kansa abin da yake ganin ya fi zama alheri ga yaron, ko da yaron bai so ba.

Ƙasashe sun rabu a kan wannan. A Ostareliya dokar iyali ta faɗa ƙarara cewa lauyan yara mai zaman kansa ba ya ƙarƙashin umarnin yaro, nasa shi ne ya auna hujjoji ya tsayar da matsaya, amma wajibi ne ya kai wa kotu ra'ayin yaron cikakke. Tun daga watan Mayun 2024 kuma aka ɗora masa wajibcin ganawa da yaron, sai dai in bai kai shekara 5 ba, ko shi ya ƙi, ko akwai wani dalili na musamman. Ki lura da wannan: sai da aka rubuta a doka cewa lauya ya ga wanda yake wakilta. Ruwa ba ya tsami banza. A Ingila aikin suka raba wa mutum biyu. Hukumar Cafcass, wadda aka kafa a 2001, tana ba da ƙwararren ma'aikacin walwalar jama'a ya zama waliyin yaro a shari'ar, shi ke duba maslaha, sannan ga lauya a gefe yana karɓar umarni daga gare shi. Idan yaron ya yi hankalin da zai iya ba da umarni da kansa, kuma ra'ayinsa ya saɓa da na waliyin, lauya yakan koma bin yaron. A Amurka ƙungiyar lauyoyin ƙasar ta fitar da ƙa'idoji a 1996 kan shari'o'in cin zarafi da sakaci, ta sake fitar da wasu a 2003 kan rigimar riƙo, inda ta bambance matsayin nan biyu, ta kuma ce a kowanne lauya ya tsaya a lauyansa, kada ya zama shaida. Afirka ta Kudu kuwa a cikin tsarin mulkinta na 1996 ta sa haƙƙin yaro na samun lauya da kuɗin gwamnati a shari'ar da ta shafe shi, in rashin lauyan zai jawo babban zalunci.

Tushen da kusan kowa ke komawa gare shi shi ne yarjejeniyar kare haƙƙin yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989. Sashe na 3 ya ce maslahar yaro na kan gaba a duk abin da za a yanke a kansa. Sashe na 12 ya ce a saurari duk yaron da ke iya samun ra'ayi, a kuma ba ra'ayin nauyi gwargwadon shekarunsa da hankalinsa. Kwamitin da ke bibiyar yarjejeniyar ya yi ƙarin bayani a 2009, ya nuna sashen bai yanka wasu shekaru ba, ya kuma hana ƙasashe ƙwarin gwiwar yankawa. Yarjejeniyar Afirka kan haƙƙi da walwalar yaro ta 1990 ma ta tanadi a ji yaro a shari'a, da bakinsa ko ta hannun wakili marar son kai. A ganina, idan yaro ya kai ya iya faɗin abin da yake so da dalilinsa, na fi karkata ga a ba shi lauya mai bin maganarsa. Masu duba maslaha sun yi yawa a ɗakin: alƙali na dubawa, ma'aikacin walwala na dubawa, iyaye kowa na rantsuwa ita yake dubawa. Mai ɗaukar maganar yaron ya ajiye ta a gaban alƙali yadda take, shi ne babu. Nakan ji abokan aiki na kawo karin maganar nan cewa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Gaskiya ne a wasu abubuwan. Amma abin da ke faruwa cikin gidan nan bayan an rufe ƙofa, yaron ne ya gani, mu kuwa a takarda muka karanta.

Naki fayil ɗin yana da wata matsala da ya kamata ki duba tun yanzu. Yara biyu ne. 'Yar shekara 12 na iya ba ki umarni, ɗan shekara 6 da wuya. Kuma ba dole ne bukatarsu ta zo ɗaya ba. In yayar ta ce wajen uba za ta, ƙanin kuma duk alamu sun nuna rabuwa da uwa zai cutar da shi, ko ɗayansu ya faɗa miki wani abu da zai rushe abin da ɗayan ke nema, kin shiga irin tarkon da lauya ke shiga in ya tsaya wa mutum biyu masu saɓanin bukata. Mai horo yakan hango wannan tun a ganawar farko, ya gaya wa kotu a raba wakilcin kafin tafiya ta yi nisa.

Yanzu ga inda na fi so ki ba da ƙarfi: yadda ake magana da yaro. Mu lauyoyi an horar da mu a kan tambayar ƙure, mai ɗauke da amsarta a ciki, wadda shaida ba shi da mafita sai "e" ko "a'a". Wannan makamin, in kika juya shi kan yaro, guba ne. Yaro ya taso yana ganin duk tambayar da babba ya yi masa akwai amsar da ake jira, shi kuma aikinsa ya gano ta. In kika maimaita tambaya sau biyu, sai ya ɗauka amsarsa ta farko kuskure ce, ya canza.

Akwai wani gwaji sananne da masu nazarin halayyar ɗan Adam, Michelle Leichtman da Stephen Ceci, suka wallafa a 1995. Wani baƙo ya shiga ajin yara 'yan shekara 3 zuwa 6, ya yi kamar minti biyu, ya gaisa ya fita, bai taɓa komai ba. Wasu daga cikin yaran an riga an yi ta ba su labarin cewa mutumin mai ɓarna ne, bayan tafiyarsa kuma aka yi ta yi musu tambayoyi masu nuna ya yaga littafi ya ɓata 'yar tsana. Da wani sabon mutum ya zo daga baya ya tambaye su, da yawa daga cikin ƙananan suka ce ya yi ɓarnar, wasu har suna ƙara bayanin yadda abin ya faru. Yaran da ba a cusa wa komai ba kuwa, kusan duk daidai suka faɗa. Wannan rabin na biyu mutane kan manta da shi. Darasin gwajin yana kan manya masu tambaya: yaro na iya ba da labari sahihi in an bar shi ya bayar. Ingila ta ɗanɗana kuɗarta a yankin Cleveland a 1987, lokacin da aka ce an ci zarafin yara 121 cikin 'yan watanni, aka raba da yawa da gidajensu. Rahoton mai shari'a Elizabeth Butler-Sloss na 1988 ya soki yadda aka yi ta maimaita wa yaran tambayoyi, ya kuma tunatar cewa yaro mutum ne, ba abin da ake taruwa a yi wa jimami kawai ba.

To a aikace yaya ake yi? Maimakon "Babanka yana dukanka, ko?", sai ki ce "Ba ni labarin ranar da ka kwana can na ƙarshe, tun daga lokacin da aka ɗauko ka." Ya tsaya, ki ce "sai me ya faru?" Ya ambaci wani abu, ki ɗauki kalmarsa ki mayar masa: "Ka ce ya yi fushi. Ƙara ba ni labarin wannan." Kafin ku fara ki gaya masa cewa in bai sani ba ya ce bai sani ba, in kin faɗi abu ba daidai ba ya gyara miki, ki ma gwada shi da gangan, ki kira shekarunsa ba daidai ba ki ga ko zai gyara. Ɗan shekara 6 bai san "watan jiya" ko "sau nawa" ba yadda kike nufi, amma ya san ko lokacin hutun makaranta ne, ko haƙorinsa ya riga ya fita. Sai kuma shiru. Koyon yin shiru na daƙiƙa goma bayan tambaya ya fi wa lauya wuya fiye da haddace sashe ɗari. Wani abu kuma: in maganar cin zarafi ta fito, kada ki mai da kanki mai bincike. Ki saurara, ki rubuta da kalmominsa, ki miƙa wa waɗanda aka horar don irin wannan tattaunawa. Duk ƙarin tambayar da kika yi tana iya raunana shaidar da za a dogara da ita gobe.

Tambayar da na hana duk wanda na horar ita ce "Wa ka fi so ka zauna da shi, mamanka ko babanka?" Na hana ne don ni na yi ta. A farkon aikina na tambayi wani yaro ɗan shekara 8 haka, ya sunkuyar da kai ya ce babansa. Na rubuta, na ji na gama aiki. Sai a ganawa ta uku, muna zaune yana zane, ya ce ba tare da ya ɗago ba: "Ita Mama tana da su Anti. Shi kuwa in na tafi shi kaɗai zai ci abinci." Ashe yaron ba zaɓi ya yi ba, raino ya ɗauka. Ya ga uban yana kuka, ya yanke cewa shi ne zai riƙe shi. Da na tsaya a ganawar farko da na kai wa kotu magana wadda daga bakinsa ta fito amma ba ita ce zuciyarsa ba. Tun daga ranar nake fara gaya wa kowane yaro: "Ba kai za ka yanke hukunci ba, alƙali ne zai yanke. Nawa shi ne in tabbatar ya ji abin da kake so ya sani." Za ki ga kafaɗarsu ta sauka.

Sirri kuma a ganawar farko ake yin maganarsa, da harshen da zai gane. In lauyarsa ce ke mai bin umarni, ki gaya masa abin da ya faɗa yana tsakaninku sai da izininsa, in ban da abin da ke nuna shi ko wani na cikin haɗari, gwargwadon yadda ƙa'idar aikin lauya ta wurinku ta tsara. In lauyar maslaha ce, ki gaya masa gaskiya cewa kina iya faɗa wa alƙali abin da kika ji. Kada ki taɓa cewa "ba zan gaya wa kowa ba" don ki samu ya saki jiki. Yaron da ke tsakiyar irin wannan rigima manya sun riga sun saɓa masa alkawari sau da yawa.

Za ki ce, to in yarinyar ta nace a kan abin da nake ganin zai cutar da ita fa? Nan ne ake gane wanda ya sami horo. Wanda bai samu ba, ɗayan biyu yake yi: ko ya maimaita maganarta a kotu kamar aku, ko ya yi watsi da ita ya faɗi tasa. Akwai fili mai faɗi a tsakani. Ki zauna da ita kamar yadda za ki zauna da babba, ki gaya mata alƙali da wuya ya yarda da wannan, ga dalili, ki tambaye ta mene ne ainihin abin da take tsoron rasawa. Sau da yawa sai ki tarar makarantarta ce, ko ƙawayenta, ko kada a raba ta da ƙaninta. Wannan kuwa ana iya nema mata shi ta wata hanyar.

Sauran darussan zan bi su da sauri, ba don ƙanana ba ne. Kina buƙatar sanin matakan girman yaro da yadda shaƙuwa da mai raino ke ginuwa. Amurka ta sharɗanta naɗa wa yaro wakili a shari'ar cin zarafi tun dokarta ta 1974, a 2003 ta ƙara cewa sai wanda ya sami horo, a 2010 kuma ta fayyace cewa horon ya haɗa da sanin girman yara da matasa. Kina buƙatar sanin yadda tashin hankali a gida ke taɓa yaro ko da ba shi ake duka ba, da yadda mai danniya kan bayyana a kotu tsaf-tsaf cikin natsuwa alhali wanda aka danne ya zo a birkice. Ki yi hattara da zargin nan na cewa ɗaya daga cikin iyaye ya zuga yaro ya tsani ɗayan. Yana faruwa, na gani da idona. Amma yaron da ke gudun mahaifi saboda abin da ya gani a hannunsa shi ma haka yake kama daga nesa, kuma ba a rarrabe su sai an fara binciken zargin cutarwar tukuna. Ki koyi karanta rahoton ƙwararru da idon tuhuma: awa nawa ya yi da yaron, wa ke ɗakin, da wane harshe aka yi magana, wa ya yi tafinta, wane bayani ya gani da kansa, wanne aka ba shi labari.

Sai lokaci. Ɗage shari'a wata uku a wajenmu shafi ne a kalanda. A wajen ɗan shekara 6 zangon karatu ne guda, a wajen jariri ɗan shekara ɗaya rubu'in rayuwarsa ne. Abin da ya sa ke nan Ingila ta sa wa shari'o'in karɓe yara daga iyaye wa'adin mako 26 a dokarta ta 2014. Lauyan yaro shi ya kamata ya zama mai ƙin ɗagewa a ɗakin, ko da hakan ya ɓata wa abokan aiki rai.

Game da inda za ki sami horon, wasu wurare suna da tsari tsayayye: ƙungiyar lauyoyi ta Ingila tana da rajistar ƙwararru a dokar yara, Ostareliya na da kwas na ƙasa da ake yi kafin a shiga jerin lauyoyin yara, a Amurka kuma akwai ƙungiyar lauyoyin yara ta ƙasa da aka kafa a 1977 mai ba da shaidar ƙwarewa. Ki tambayi ƙungiyar lauyoyinku da hukumar ba da agajin shari'a abin da suke da shi. Amma ko wane kwas aka nuna miki, ga ma'aunina: in duk lacca ce ana haska rubutu a bango, kin sami takarda ne kawai. Na kirki shi ne wanda za a zaunar da ke da wani yana kwaikwayon yaro, a ɗauke ki a bidiyo, a kunna miki ki ƙirga tambayoyi nawa kika yi masu ɗauke da amsa. Kunya za ki ji, kowa ya ji. Bayan haka ki nemi wanda ya daɗe a aikin ki bi shi ganawa biyu ko uku, da izinin kotu, ki kuma sami wanda za ki riƙa kai wa fayil ɗinki kuna tattaunawa. Wannan na ƙarshe yana da amfani biyu, don labaran da za ki ji suna bin mutum har gida, suna hana barci, kuma lauyan da ya ƙoshi da su shi kaɗai yakan fara gudun ganawa da yaran.

Shawarata a kan wannan fayil: ki karɓa in alƙali zai rubuta matsayinki a cikin umarnin naɗin, kuma kina da wani gogagge da zai duba miki aiki. Ki ga yaran daban-daban, fiye da sau ɗaya, a wurin da babu ɗaya daga cikin iyayen a bakin ƙofa. Ranar da aka yanke hukunci kuma kada ki bari su ji daga bakin wanda ya yi nasara ko wanda ya faɗi. Ki je da kanki, ki gaya musu abin da alƙali ya ce, da abin da kika faɗa masa a madadinsu, da inda kowa zai kwana ranar Litinin, da ranar da za su ga ɗayan iyayen. Ɗan shekara 6 ɗin wataƙila abin da zai tambaye ki shi ne wa zai riƙa ɗauko shi daga makaranta, don haka ki tabbatar kin san amsar kafin ki shiga.